Ƙarar da cire kan batir bai kashe ba

Motata Toyota Corolla ce ƙirar 2005, 'yar Amurka da ta shigo ta Kwatano, mai giya otomatik da inji 1.8. Shekara da shekaru ba ta taɓa ba ni matsalar da ta wuce ta sabis da canjin taya ba. A tsakiyar bazara, lokacin da zafin Kano ke haura digiri 40 da rana, sai ta tsiro da wata 'yar ƙara. Ba a jin ta da safe, ba a jin ta in motar na tsaye. Sai injin ya ɗau zafi, esi na kunne, na fito daga cunkoso ina tafiya a hankali, in ɗan ƙara totur don hawa gadar sama, sai in ji kar-kar-kar daga ƙarƙashin bonet, kamar ana kaɗa tsakuwa a cikin gwangwanin madara. In na ɗaga ƙafa ta yi shiru. In na taka sosai har motar ta sauko da giya, nan ma ta ɗauke. Ba a jima ba wutar cek ta kama a dashbod, na kuma lura man da ya saba kai ni ƙarshen mako ya daina kai ni. Tun da aka cire tallafin mai ranar 29 ga Mayu 2023, babu mai motar da zai ga allurar mai na saurin sauka hankalinsa ya kwanta.

Makanikina dattijo ne da ya koyi aiki tun zamanin Fijo 504, kuma har gobe ban ga mai kunnensa ba. Ya shiga muka zaga, ya sa na taka totur yadda nake takawa, ya saurara, sannan ya ce, “Malam, kwantar da hankalinka. Injinka bai buga ba. Ƙarar metal, wato ta bugun inji, nauyi gare ta, daga ƙasa take fitowa, kuma ko a tsaye ka yi rezin za ka ji ta. Wannan ƙarar wuta ce. Da a 504 ne da yanzu na sassauta distiributa na ɗan juya ta baya, shi ke nan.”

Na ce, “To Baba, a nan fa?”

Ya ce, “A nan babu abin juyawa. Kowane fulogi da kwayil ɗinsa, biren bokis, wato kwamfutar motar, ke ba su wuta. A ina ka sha mai na ƙarshe?”

Kwanakin an yi layi a gidajen mai, na sayi galan a wajen 'yan bumburutu a bakin titi. Ya gyaɗa kai, ya ce man ne. Ya sa yaronsa ya ɗauko sifana mai lamba 10 ya cire kan batir, aka bar motar muka yi sallar la'asar, aka mayar. Wutar cek ta mutu. Wannan ita ce al'adar da kowane gareji ya sani, kuma da kyakkyawar niyya ya yi. Sai dai daga nan zuwa gida motar ta yi ta rawa in na tsaya a danja, silo, wato juyin inji a tsaye, na sauka har ina jin za ta mutu, ƙarar kuwa ta fi ta da ƙarfi. Bayan 'yan kwanaki silo ya daidaita, ƙarar ta koma yadda take, wutar cek ta dawo wurinta.

A tsakanin nan tafiya ta kama ni zuwa Jos ta dajin Falgore, na kuma cika tanki a babban gidan mai kafin in fita gari. A Jos na yi ta hawa da sauka ban ji ko kar ba, har na ɗauka sabon man ya yi magani. Ina dawowa Kano, da irin wannan man a tanki, ƙarar ta dawo. Wannan ne ya sa na daina ɗora wa man bumburutu laifin duka. Da na faɗa wa Baba, shi da kansa ya ce in je a yi mata sikanin, ya kwatanta mini wani matashi da ke wannan aikin. Na ji daɗin hakan ƙwarai, domin ba kowane tsohon hannu ne zai tura ka wajen wanda bai kai shekarun ɗansa ba.

Kafin in ci gaba, bari in faɗi abin da ke faruwa a cikin silinda, don in ba a gane shi ba sauran labarin ba zai shiga ba. Fistan yana hawa ya matse iska da mai, a wannan injin abin da ya cika wuri 10 ya koma wuri 1. Fulogi kuma ba ya jira fistan ya kai ƙololuwa, yana ƙyasta wuta tun da sauran 'yar tazara, saboda wutar na buƙatar lokaci kafin ta cinye haɗin. Daga bakin fulogi take bazuwa zuwa gefe, tana tafiya tana ƙara matse ragowar da bai ƙone ba, tana ƙara masa zafi. In wannan ragowar ya kasa jurewa, sai ya fashe da kansa lokaci guda kafin wutar ta iso gare shi. Girgizar wannan fashewar ce ke dukan kan fistan da bangon silinda, ita kunne ke ji. 'Yar kaɗan jifa-jifa ba ta kashe inji. Mai ƙarfi da ta daɗe tana cin gefen fistan, ta karya ringi, ta ƙona gasket, daga nan a kai ga abin da kowa ke tsoro.

Lambar okten ma'auni ce ta yadda mai ke jure wannan matsi da zafi ba tare da ya kama da kansa ba. Ba ta nuna ƙarfin mai, ba ta nuna tsabtarsa. Tun shekarun 1920 aka kafa ma'aunin da sinadarai biyu: aiso-okten mai juriya sosai aka ba shi 100, heften mai saurin fashewa aka ba shi 0. Man da aka ce 91 ne, yana jurewa a injin gwaji daidai da haɗin kashi 91 na farkon da kashi 9 na biyun.

Na samu matashin a wata rumfa, da na'urarsa mai kama da babbar waya. Ya durƙusa ya jona ta a wani soket mai baki 16 da ke ƙarƙashin sitiyari. Duk motar da aka sayar a Amurka daga 1996 tana da shi, doka ce ta tilasta. Tambayarsa ta farko ita ce, “Yallaɓai, an cire kan batir?”

Na ce an cire.

Ya ce, “To Allah ya sa wutar ta dawo. Da ka zo mini washegarin da aka cire, da ba abin da zan gani. Duk ranar da wutar nan ta kama, kwamfutar tana ajiye lambar matsalar, ta kuma ajiye halin da injin ke ciki a daidai wannan lokacin: gudun mota, zafin ruwa, rezin, nauyin da ke kan inji. Kana cire batir ka share su.”

Lamba guda ce ta fito, P0171. Ma'anarta mai ya yi kaɗan a cikin haɗin, iska ta yi yawa. Ya ce yana tsammanin ganin P0325, wadda ke nuna sensar da ke sauraron ƙarar ta samu matsala, amma babu ita. Wannan sensa 'yar ƙarama ce, ɗaure da jikin inji a ƙarƙashin bututun shigar iska, tana ji da wani ɗan dutse da ke fitar da lantarki in an girgiza shi. Girgizar da take nema tana kai wajen sau 6,000 zuwa 8,000 a daƙiƙa. Da ta ji, kwamfutar sai ta jinkirta wutar fulogi da 'yan digirori, wato abin da Baba ke yi da hannu a 504, sai dai ita tana yi tana sakewa motar na tafiya. Jinkirta wutar yana kare fistan, amma yana rage ja, ya ƙara shan mai, ya ƙara wa salansa zafi. Kuma akwai iyakar da ba za ta wuce ba. In ƙarar ta kai kunnen direba a irin wannan mota, to kwamfutar ta yi nata ta gaji, ko kuma ana ba ta labarin ƙarya.

Nan ya nuna mini abin da ya fi komai amfani a wannan rana. Injin fetur yana son iska kilo 14.7 ga kowane kilo 1 na mai. Sensar iska, wadda suke kira iyafulo, ita ke auna iskar da ke shiga, kwamfutar ta lissafa man da nozul za su fesa. Wata sensa kuma a bakin salansa tana duba hayaƙin ta ce an yi daidai ko an kuskure. In kullum man na gazawa, kwamfutar na ƙarawa, ta kuma riƙe wannan ƙarin a ƙwaƙwalwarta don kada gobe ta fara daga farko. A lafiyayyen inji ƙarin ba ya wuce kashi 5, ko a ce 10 cikin 100. Nawa a silo yana wajen 8. Da ya taka ya riƙe rezin a juyi 2,500 a minti sai ya haura, da muka fita titi kuwa ya wuce 20.

Ya ce, “Ka ga, da a silo ya fi yawa, in an yi rezin ya sauka, da sai in ce iska na satar hanya ta wata tsaga, don wannan injin ya yi suna da zubar gasket ɗin bututun iska. Amma naka ƙaruwa yake in an taka. Ko famfon mai ya gaza, ko iyafulo ba ta ƙirga iskar duka.”

Ya auna ƙarfin famfon da agogonsa, lafiya lau. Sai ya kwance sukurori biyu ya zaro iyafulo ya haska mini cikinta. 'Yan siraran wayoyi ne a ciki. Lantarki ke zafafa su, iskar da ke wucewa ta sanyaya su, da haka ake sanin yawanta. Nawa sun yi furu-furu, ƙura ta lulluɓe su. Wayar da ƙura ta rufe ba ta jin iska yadda ya kamata, sai ta ce kaɗan ta shiga alhali da yawa ta shiga. Illar biyu ce, kuma dukansu ƙara suke haifarwa. Kwamfutar za ta rage mai, haɗin ya ƙara zafi. Za ta kuma ɗauka injin ba ya ɗauke da nauyi, sai ta gaggauta wutar fulogi fiye da yadda ya dace da hawan gada. Da ya buɗe akwatin filtar iska muka ga ta inda ƙurar ta bi. An sha busa filtar da iskar kwamfuresa a wajen sabis maimakon a canza ta, har takardar ta yage ta gefe. Ƙurar hunturu guda ta wuce ta nan kai tsaye.

Daga nan ne na gane dalilin da ƙarar ta ƙaru ranar da aka cire batir. Wancan ƙarin mai na kashi 20 da kwamfutar ta koya, shi ke rufa wa injin asiri. Aka share shi, ta koma kan lissafin masana'anta, wanda ke zaton iyafulo na faɗin gaskiya. Motoci da yawa suna riƙe yawan jinkirin wutar da suka koya ma, shi ma sharewa yake tare. Rawar silo kuwa, bakin totur na wannan ƙirar lantarki ke buɗe shi, kuma ta saba da dattin da ya taru a wurin, sai da ta sake koyo.

Batun Jos ma ya warware. Kano ba ta kai mita 500 daga doron teku ba, Jos ta haura 1,200. Iskar can ba ta da kauri, ga sanyi. Silinda ba ta cika sosai, matsin bai kai ba, zafin bai kai ba, sai ƙarar ta ɓuya. Matsalar tana nan, wurin ne ya sauƙaƙa wa injin.

Na tambaye shi man fa, ba shi da laifi ke nan? Ya ce yana da rabonsa. Man da ya daɗe a jarka cikin rana, sassansa masu saurin tashi sun gudu, kuma ba wanda ya san abin da aka zuba masa. Injin da tun farko yake bakin gaɓa, ɗan raunin mai ya isa ya tura shi. Amma ya ja hankalina kan wani abu da na ga mutane da yawa na ruɗewa a kai. Littafin motata ya ce a sha mai lamba 87, su kuma masu motocin Turai suna ganin 91 ko 95 a murfin tanki. Ma'aunin ne daban. Amurka na haɗa sakamakon gwaji iri biyu ta raba, Turai da mu kuma gwaji ɗaya ake rubutawa, wanda lambarsa ta fi girma. A littafin ma an rubuta cewa 87 ɗin daidai take da 91 a ɗaya ma'aunin. Corolla irin tawa ba ta buƙatar fiye da haka, ko an samu mai lamba 98 an zuba mata ba wani ƙarfin kirki da za ta ƙara. Waɗanda nake tausaya wa su ne masu manyan motocin da aka ƙera don mai mai babbar lamba, musamman masu turbo. A Amurka famfo na ba ka zaɓi uku, a gidajen manmu fetur ɗaya ne ga kowa. Irin waɗannan motoci kullum cikin jinkirta wuta suke, mai su na biyan kuɗin ƙarfin da ba ya samu, kuma duk ranar da sensar ƙararsu ta lalace injin na cikin haɗari. Ya kamata mai sayen mota ya buɗe murfin tanki ya karanta tun kafin ya biya kuɗi.

Kuma ba kowane mugun mai ne ke da ƙarancin okten ba. A Fabrairun 2022 hukumomi sun tabbatar an shigo da fetur mai yawan metanol daga Antwerp ta Beljiyam, aka janye shi, layi ya dawo gidajen mai. Metanol okten ɗinsa ya haura 100. Ɓarnarsa ta wata hanya ce: yana jan ruwa, yana cin roba da wasu ƙarafa, kuma ƙarfin da ke cikin litarsa bai kai na fetur ba. Game da 'yan kwalaben ƙara okten da ake sayarwa kuwa, ya ce in karanta da kyau. Da yawansu in sun ce suna ƙara maki 3, nufinsu 91 ta koma 91.3. Wasu kuma suna barin jan datti a bakin fulogi. Ban saya ba.

Aikin kansa bai ɗau lokaci ba. Ya fesa wa iyafulo maganin wankinta na musamman daga nesa, bai taɓa wayoyin da komai ba, ya bar ta ta bushe. Ya ce fetur ko burushi na kashe ta. Na je Ƙofar Ruwa na sayo sabuwar filta da fulogi huɗu, Denso SK16R11, waɗanda littafin ya ambata, domin da ya zaro na ciki ya ga ba lambarsu ba ce, kuma fulogin da bakinsa ke riƙe zafi fiye da kima yana taimaka wa wannan matsala. Jabu sun yi yawa a kasuwa, don haka na tafi da yaron Baba wanda ya san hannun da za a saya. Ya wanke bakin totur. Ya kuma lura a na'urarsa zafin ruwa na haura digiri 100 in muka tsaya da esi, sai aka wanke ƙurar da ta toshe fuskar lagireto, aka zubar da ruwan famfon da ke ciki aka sa ruwan sanyaya inji na gaske. Ya duba ya tabbatar tamostat, wanda ke tsare ruwan har inji ya ɗau zafi, na nan. Ya roƙe ni kada in yarda a cire shi a haɗa fanka kai tsaye yadda ake yi wa motocin da suka shigo, don injin da ba ya kai zafinsa yana shan mai ya tara baƙi a kan fistan, baƙin nan kuma na rage wurin ƙonewa ya ƙara matsi.

Sai bayan duk wannan ya ce yanzu lokacin sharewa ya yi, kuma yanzu wajibi ne. In aka bar tsohon ƙarin na kashi 20 alhali iyafulo ta dawo daidai, injin zai yi ta ambaliyar mai har sai ya gyara kansa. Ya ɗauki hoton lambar da bayananta da wayarsa, ya share ta da na'ura, sannan ya kashe mota ya zare makulli ya cire kan nagetif na batir na 'yan mintuna don abin da aka koya ya goge duka. Nagetif ake fara cirewa, shi ake mayarwa a ƙarshe, saboda in sifana ta taɓa jikin mota kada wuta ta tashi. A Toyota ana iya zare fiyus mai rubutun EFI a maimakon haka, agogo da tashoshin rediyo su tsira. Masu wasu Honda su tabbatar suna da lambar buɗe rediyonsu kafin su taɓa batir. Abin da ya fi jaddada mini shi ne kada in taɓa bari a cire kan batir injin na aiki da sunan gwada caji. Na sha ganin masu wayarin na yi. Batir ne ke shanye hauhawar lantarki, in babu shi tana iya ƙona kwamfutar, kuma mita mai arha na yin wannan gwajin ba tare da haɗari ba.

Da aka mayar, ya murɗa makulli bai tayar ba, ya ɗan jira, sannan ya tayar ƙafarsa ba ta kan totur. Muka bar ta a silo, babu esi, babu fitila, babu rediyo, har ta ɗau zafi fanka ta kama ta saki. Sai ya kunna esi ya ƙara barin ta. Daga nan muka fita da na'urar a jone, shi yana kallonta ni ina tuƙi. Muka bi cikin gari ana tsayawa ana tafiya, muka hau titin Zariya na riƙe gudu ɗaya na wani lokaci, ya sa na ɗaga ƙafa motar ta gangara da kanta, ya sa na taka daga ƙasa a hankali, daidai inda take yin ƙarar. Ƙarin man ya tsaya tsakanin 2 da 5. Ya ce mutuwar wutar cek a yau ba shaida ba ce, domin kwamfutar na da gwaje-gwajen da take yi wa kanta waɗanda sai an yi tafiye-tafiye suke kammala, kuma P0171 sai ta ga matsalar a tafiya biyu a jere take kunna wuta. Wannan ma abin kula ne ga mai sayen mota ta hannu: in na'ura ta nuna gwaje-gwajen ba su kammala ba, to ba a daɗe da share wani abu ba.

Na koma wajensa bayan na ƙone tanki guda. Gwaje-gwajen duk sun kammala, babu lamba ko ɗaya, shan man ya koma yadda na san shi. Na biya ta wajen Baba na ba shi labari dalla-dalla, ya sa aka kira yaransa ya ce daga yau duk motar da ta zo da wutar cek kada wanda ya taɓa batirinta sai an karanta, filta kuma in ta yi datti a gaya wa mai mota ya sayi sabuwa.

Ƙarar ba ta tafi ɗari bisa ɗari ba. In rana ta take, mota cike da mutane, esi na kunne, nakan ji ta sau ɗaya ko biyu a farkon hawa sai ta ɗauke, alamar sensar ta ji kwamfutar ta ja baya. Matashin ya ce mai yiwuwa akwai sauran baƙi a kan fistan, kuma yana da 'yar kyamara da ake zurawa ta ramin fulogi. Mun bar shi a kan sabis na gaba zai leƙa, in baƙin ya yi kauri sai mu san ta inda za a wanke shi.